SAMMACIN SHAIDA A KAN HARAJI: IN ZA A TILASTA, A FARA DAGA SAMA

Ku yi min haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina a ƙasa.

Kwanakin baya ɗan yayata ya shigo min gida bayan magariba, fuskar nan tasa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Yaron shago ne a nan Kazaure, shi ke riƙe da littafin shiga da fita na wani mai sayen riɗi da zoɓo. Wai an kira shi a waya, wani ya ce shi ma'aikacin haraji ne, ya zo ofis gobe ƙarfe tara, ya taho da littafin maigidansa, in bai zo ba za a aiko a ɗauko shi. Babu takarda, babu hatimi, babu sunan wanda ya kira. Yaro ya kwana bai runtsa ba. Da safe ya ɗauki littafi ya tafi, aka ajiye shi a kan benci tun hantsi har la'asar. Aka tambaye shi buhu nawa aka ɗaure bana, mota nawa aka loda zuwa Kano, ta wane asusu kuɗi ke shigowa. Daga ƙarshe aka miƙo masa takarda da Turanci aka ce ya sa hannu, ya sa, ba tare da an karanta masa ba. Da ya koma shago, maigida ya karɓe makulli ya ce ya je ya huta, zai neme shi. Har yau bai neme shi ba.

Shi kuwa maigidan, wanda ake cewa ana bin sa harajin, ko sau ɗaya ba a zaunar da shi a kan bencin nan ba. Ya san mutane, waya ɗaya ya buga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ambaci ofis ba, ban ambaci sunan kowa ba, kuma kar wanda ya tambaye ni a akwatin saƙo. Maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da nake so mu tattauna shi ne ikon nan da doka ta ba hukuma na tilasta wa mutum ya zo ya ba da shaida a maganar haraji: daga ina ya fito, ina iyakarsa, kuma a kan wa ya kamata ya fara sauka.

Matsayina tun farko, don kar a yi min fassara: ina goyon bayan ikon. Ƙasar da ba za ta iya kiran shaida ba, ba za ta taɓa karɓar haraji daga hannun mai ƙarfi ba, sai dai ta ƙare a kan mai tireda da mai kabu-kabu. Amma ikon da ba ya zuwa da takarda, ba ya bi ta gaban alƙali, ba ya kare wanda aka kira, kuma kullum ƙasa yake kallo, wannan sunansa barazana, ko da wace riga ya sa.

To me doka ta ce?

Kun san dai Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, kuma manyan biyun cikinsu suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. FIRS ta koma NRS. Amma ikon kiran mutum ba sabon abu ba ne. Tun a dokar FIRS ta 2007, da dokar harajin kuɗin shigar mutum wadda jihohi suka yi aiki da ita kafin 2026, hukuma na da damar aika wa mutum sanarwa a rubuce ya kawo littattafai da takardu, ko ya bayyana da kansa a yi masa tambayoyi. Ku riƙe kalmar nan: a rubuce. Sannan akwai kotun sauraren ƙararrakin haraji ta musamman, wadda dokar 2007 ta kafa, sababbin dokokin kuma suka ci gaba da ita. Ita wannan tana da ikon aika sammaci, ta tilasta wa mutum ya halarta, ta rantsar da shi, ta sa a kawo takardu. Reshenta na Arewa maso Yamma a Kaduna yake zama.

Kenan abu biyu ne, kuma da gangan wasu ke cakuɗa su. Akwai sanarwar ofis, akwai sammacin kotu. Kiran waya da daddare ba ya cikin ko ɗaya.

Ita kuma dokar ba ta bar wanda aka kira tsirara ba. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 36, ƙaramin sashe na 11, ya hana a tilasta wa wanda ake tuhuma da laifi ya ba da shaida a shari'arsa. Sashe na 35, ƙaramin sashe na 2, ya ba wanda aka kama ko aka tsare damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar shaida ta 2011, sashe na 183, ta ce ba dole ba ne shaida ya amsa tambayar da kotu ta ga za ta jefa shi, ko matarsa, ko mijinta, cikin tuhumar laifi. Duk waɗannan suna nan a rubuce shekara da shekaru. Amma ku faɗa min gaskiya, dillali nawa a kasuwar Ɓaɓura ya taɓa jin su? Mai POS nawa a Roni ko Gwiwa aka taɓa karanta wa? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wasu da duhun nan suke cin abinci.

Yanzu bari in fara da namu, kafin in koma kan ma'aikata.

Na san abin da wasu za su ce: ai tonon asiri ne, ai cin amana ne, mutum ya ci gishirin maigidansa ya je ya faɗi abin da ke littafi. Na fahimci wannan. Kasuwancinmu a kan yarda aka gina shi. Dillali ba shi da jari sai bakinsa da riƙon sirri. Bafatake zai bar maka shanu goma ya tafi ba takarda, ya dawo bayan kasuwa biyu ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan abin alfahari ne.

Amma mu ji tsoron Allah, akwai bambanci tsakanin riƙe sirrin ciniki da rufa wa mai danne haƙƙin jama'a asiri. Ɗan kwangilar da aka biya miliyoyi daga asusun gwamnati, ya rubuta a takarda cewa asara ya yi, akantansa ya san ƙarya ne, kashiyansa ya san ƙarya ne. In ba a iya kiran su an rantsar da su ba, wa zai faɗa? Malamin firamare ana yanke masa nasa tun kafin albashi ya shigo, ba ya da hanyar ɓoyewa. Shi kuma mai tireloli ya wuce fit. Shirun da muke kira amana, a irin wannan wurin, mai ƙarfi kaɗai yake yi wa amfani.

Ko a addini ma ba a bar mu a duhu ba. Ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta hana shaidu su ƙi zuwa idan an kira su, ayar da ke bin ta kuma ta hana ɓoye shaida. To amma a cikin ayar bashin dai aka hana a cutar da marubuci ko shaida. Wajibi da kariya tare suka zo. Malamai na nan a cikin masu bibiyata, in na kauce su gyara min. Abin da nake gani shi ne mu talakawa mun riƙe rabi mun ce ba za mu faɗa ba, hukuma ta riƙe ɗaya rabin ta ce dole ku faɗa, kowa ya yar da ɓangaren da bai yi masa daɗi ba.

To ku kuma masu karɓa, ga naku.

Kuna mamakin me ya sa mutum ke gudun ku kamar ya ga kura? Ku tambayi kakanninku. A ƙasar nan an yi zamanin haraji da jangali, lokacin En'e. Mai unguwa ke ƙirga mazan gida, dagaci ya tara, hakimi ya kai gaba. Wanda ya faɗi adadin shanun maƙwabcinsa ya sayi gaba ta har abada, wanda ya ƙi faɗa ya sha rana. Mutane sun bar garuruwansu saboda haraji, Fulani sun ƙetara iyaka da dabbobinsu saboda jangali. Yana daga cikin abin da NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi ta yaƙa tun daga 1950. Da Abubakar Rimi ya hau gwamnan tsohuwar jihar Kano a 1979, lokacin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa duk muna cikinta, ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Har gobe tsofaffi na tuna wannan da daɗi. Ba a ƙirƙiro Jigawa ba sai 27 ga Agustan 1991, amma tsoron nan mun gaje shi tun kafin jihar ta zo.

Kenan duk ma'aikacin da ya ɗaga waya ya ce wa yaron shago "in ba ka zo ba za a ɗauko ka", tsohon mikin nan yake fama. Kuma kansa yake cuta, don daga ranar ba wanda zai ƙara rubuta gaskiya a littafi. Za a koma littafi biyu, ɗaya na gida ɗaya na baƙi. Za a daina karɓar tiransifa a koma tsabar kuɗi. A Ɓaɓura ma da ke bakin iyakar Nijar, ciniki ne zai tsallaka can kawai. A ƙarshe kuɗin shigar da ake ta hanƙoron ƙarawa su ragu.

Ku duba yadda waɗanda suka daɗe a harkar nan suke yi. A Amurka, hukumar harajinsu ta IRS na da ikon aika sammaci, amma in mutum ya ƙi, ba ta da ikon hukunta shi da kanta, sai ta je gaban alƙalin tarayya ta roƙa a tilasta. Kotun ƙolinsu a shari'ar Powell ta 1964 ta shimfiɗa sharuɗɗa: binciken ya zama yana da halastacciyar manufa, abin da ake nema ya shafi binciken, ya zama ba ya hannun hukuma tun farko, kuma an bi matakan da doka ta tsara. Sannan ku tuna Al Capone, ƙasurgumin ɗan dabar Shikago da aka kasa kamawa da laifin kisa. A 1931 da laifin kin biyan haraji aka ɗaure shi shekara 11, kuma shaidar masu riƙe masa littattafan gidajen caca na cikin abin da ya kayar da shi. Amma gwamnati sai da ta ɓoye mutanen nan ta tsare rayukansu kafin ranar shari'a. Ƙaramin ma'aikaci aka kira, amma babban ake nema, kuma babban ne ya tafi gidan yari. Mu a nan an juya abin: ƙarami ya rasa aikinsa, babba ya tafi Umara.

Wani abin kuma da ya sa dole a yi taka-tsantsan: a watan Disambar 2025, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce kwafin dokokin harajin da aka buga a gazet ya sha bamban da wanda suka zartar. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har shugabannin majalisa suka ba da umarnin a sake bugawa. To in waɗanda suka yi dokar da hannunsu sun yi gardama a kan wane rubutu ne doka, laifin me ɗan Gwiwa ya yi in ya ce a nuna masa takarda da sashen da aka kira shi a kansa? Wannan ba taurin kai ba ne, hankali ne.

Sai maganar kuɗin mota, wadda masu zama a ofis mai sanyi ke ɗauka wasa. A ce an kira mutum daga Gwiwa ya je Kaduna ba da shaida. Ya fito Kazaure, ya shiga Kano, ya wuce Zariya, ya kwana a hanya, ya ci abinci, ya rufe shagonsa kwana biyu ko uku, a je kuma a ce an ɗage zama. Ko Dutse ma aka ce, daga wannan kusurwar tamu tafiya ce ta yini. Wa zai biya? Shaida ba shi ya ci bashin ba. Tilasta masa ya zo da kuɗin aljihunsa wani harajin ne na daban da ba a rubuta a kowace doka ba.

Ga abin da nake nema, kuma ina roƙon 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya daga wannan yanki su ji.

Na ɗaya, duk kiran da ba a rubuce yake ba, a ɗauke shi babu shi. Takarda ta zo da sunan ofis, sunan jami'i, sashen doka, abin da ake nema, da wa'adi mai ma'ana. A rubuta ta da Hausa a bayan Turancin. Jihar da kusan kowa ke jin Hausa ba ta da uzurin sa mutum ya dangwala hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Na biyu, wanda ke bin bashi kar ya zama shi ne alƙali. In mutum ya ƙi amsa sanarwar ofis, a je kotu, alƙali ya duba ya ga ko kiran na da tushe. Kamawa da tsarewa ba aikin mai yankan rasit ba ne.

Na uku, a bi tsani daga sama. A fara da mai dukiyar, da akantansa, da bankinsa, da takardun kwangilar da ke hannun gwamnati ita kanta. Sai an rasa a nan sannan a sauko kan yaron shago da dillali da direba. Abin da ke cikin fayil ɗin ma'aikatar kuɗi, me ya sa za a je ana tatsar sa daga bakin yaro ɗan shekara ashirin?

Na huɗu, a biya shaida kuɗin mota da na yininsa, a kuma sa hukunci a kan duk maigidan da ya kori ma'aikaci don ya amsa sammacin kotu. Tsarin fallasa ɓarayin gwamnati da aka fito da shi a Disambar 2016 ya nuna mana illar a ce wa mutane su yi magana alhali tsari ne kawai na ma'aikatar kuɗi, babu dokar majalisa da ta tsaya musu.

Na biyar, kuma wannan ya fi min komai: igiyar nan ta ja ta kowane ɓangare. Sashe na 128 da 129 na kundin tsarin mulki sun ba majalisar dokokin jiha ikon bincike, ta kira kowa a jihar ya ba da shaida bisa rantsuwa, in ya ƙi ta ba da takardar a kawo shi. To bismillah. A kira masu karɓar kuɗin kasuwa da na tasha da na kara, a rantsar da su a bainar jama'a: rasit nawa aka buga, nawa aka yanka, nawa ya shiga asusu? In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ranar da muka ga an zaunar da mai karɓa a kan benci ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga, ranar ce mai biya zai zo ba da shaida da ƙafarsa ba sai an aika masa ba.

Kafin a kai can, 'yan'uwa, ga 'yar shawara. In an kira ka a waya, ka amsa da ladabi ka ce a aiko da takarda. In takarda ta zo, ka ɗauki hotonta, ka nuna wa lauya ko wani mai ilimi da ka yarda da shi. In sammacin kotu ne, kar ka kuskura ka ƙi zuwa, don ƙin zuwa laifi ne mai zaman kansa. Ka sanar da maigidanka kafin ka tafi, kar ya ji a bakin wani. Kar ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Kar ka ba da ainihin littafi ba tare da an rubuta maka shaidar karɓa ba. Abin da ka sani ka faɗa, wanda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, kar ka yi ƙarya bayan rantsuwa don kare wani, domin ranar da za a ɗaure ka ba zai raka ka ba. Sababbin dokokin sun kuma kafa ofishin sauraren koken masu biyan haraji, kuma haƙƙinmu ne mu matsa a kawo shi kusa, kar ya tsaya a Abuja.

Ɗan yayata yanzu yana taya wani abokinsa sayar da katin waya a bakin tasha. Jiya na tambaye shi, in aka sake kiran ka fa? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ni yanzu ko lissafin kuɗin shayi aka ce in rubuta, ban iya rubutu ba." Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai. Yaro mai sakandare, mai kyakkyawan rubutu, mai amana, an koya masa cewa riƙe littafi na gaskiya haɗari ne.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ga fili nan a ƙasa, amma a zo da hujja, ban da zagi. Lauyoyin da ke cikinmu ku ƙara mana haske. Wanda kuma ya san ɗan majalisarsa na Facebook, ya tura masa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, Ya tsare mu daga sharrin wanda ya fi ƙarfinmu. Amin.